Babi na Huɗu: Shin Mutum Ƙaramar Duniya Ne?

Da gaske ne duk abin da Allah ya halitta a faɗin duniya akwai irinsa a jikin ɗan Adam? Kusan kowa ya taɓa jin wannan magana, ko a bakin mai wa'azi, ko a wajen mai maganin gargajiya, ko daga wani dattijo da hira ta yi wa daɗi bayan sallar isha'i. Akan faɗe ta kamar abin da ba ya buƙatar hujja.

Ni na fara ɗaukarta da muhimmanci ne wata ranar Babbar Sallah. Mahauci na tsugune yana feɗe mana rago, ɗan yayata mai shekara tara yana riƙe masa ƙafa. Da aka zo kan huhu sai mahaucin ya bi maƙogwaro da wuƙa ya tsaga shi, don yaron ya gani. Bututu ɗaya ya rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa, haka har suka zama kamar zare, suka ɓace cikin tsoka. Yaron ya ƙura ido, can ya ce, "Kawu, ai wannan bishiya ce aka kifa." Mahaucin bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, duk abin da ke daji akwai shi a cikin ciki."

Mahaucin nan bai san cewa ya taɓo batun da ya ci wa masana falsafa tuwo a ƙwarya sama da shekara dubu biyu ba.

Harshenmu ya riga mu

Kafin mu je Girka ko Basra, mu saurari bakinmu. Muna cewa bakin kogi, kan dutse, gindin bishiya, idon ruwa, cikin gari, bayan gari. Tulu yana da wuya, tukunya tana da kunne, har azumi ma yana da goshi. Mun ɗauki sassan jikinmu mun rarraba wa duniya, ba tare da wani malami ya umarce mu ba. Sannan mukan juya mu aro daga waje mu kwatanta abin da ke cikinmu: wane ya murtuƙe kamar hadari, wance mai sanyin hali ce, wancan zafin zuciya gare shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jiki shi ne abin da mutum ya fara sani, kuma da shi ya fara awo: kamu, taƙi, taku, gaba. Wanda ma'auninsa na farko jikinsa ne, ba abin mamaki ba ne idan ya ɗaga kai sama ya ga kamar kansa yake gani. Abin da masana falsafa suka yi shi ne suka mayar da wannan ɗabi'a ta harshe ta zama da'awa. Suka ce kamar ba ta baki kaɗai ba ce, haka ainihin halittar take.

Daga Girka

Girkawa ne suka raɗa wa abin suna. Sararin halitta gaba ɗaya suka kira shi babbar duniya, mutum kuwa ƙaramar duniya. Ana jingina kalmar ga Dimokuritas, wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne kuma mutumin da ya ce komai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin da ba sa yankuwa. Aflaɗon ya faɗaɗa batun a littafinsa Timayos. A ganinsa duniya halitta ce guda mai rai da hankali, siffarta zagayayya, kuma shi ya sa aka yi kan mutum zagayayye, don ya zama kwafin sama da aka ɗora bisa wuya.

Likitocinsu suka ɗauka daga nan. An ce duniya tubali huɗu gare ta: wuta, iska, ruwa da ƙasa. To jiki ma ruwaye huɗu gare shi: jini, majina, da ɗaci iri biyu da Larabawa suka kira safra'u da sauda'u. Kowanne yana da nasa rabo na zafi ko sanyi, danshi ko bushewa, kuma lafiya ita ce daidaituwarsu. Wannan tsari na Jalinus, likitan da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2, ya mulki likitanci kusan shekara 1,500. Ya shiga littattafan Larabci, ya ratso Sahara tare da su. Idan ka ji mai magani ya ce ciwonka sanyi ne ya kama ka, ko ka ga mai bugun ƙasa yana kasa layukansa huɗu zuwa wuta, iska, ruwa da ƙasa, to kana jin amon wannan tsohuwar ganga ce.

Ba Girkawa kaɗai suka yi wannan tunani ba. Tsofaffin littattafan likitancin Sin sun ce kai zagayayye ne kamar sama, kuma jiki yana da manyan hanyoyi goma sha biyu daidai da manyan koguna goma sha biyu na ƙasarsu. A Indiya akwai tsohuwar waƙar addini da ta ce daga jikin wani ƙaton mutum na farko aka yi duniya, rana daga idonsa, wata daga hankalinsa.

'Yan'uwan Basra

Amma idan ana neman waɗanda suka zauna suka yi wa batun filla-filla, sai an je Basra ta ƙasar Iraƙi a ƙarni na 10. A can wasu masana da suka ɓoye sunayensu, suka kira kansu Ikhwanus Safa, suka rubuta wasiƙu 52 da suka tattara ilmin zamaninsu, daga lissafi da kiɗa har ma'adinai da taurari. Wasiƙa ta 26 a kan cewa mutum ƙaramar duniya ne take. Ta 34 kuwa ta juya maganar, ta ce duniya ƙaton mutum ce.

Yadda suka jera kwatancen yana da daɗin bi. Naman jiki shi ne ƙasa, ƙasusuwa duwatsu, ɓargon da ke cikinsu ma'adinan da ke binne a cikin dutse. Ciki teku ne, hanji koguna, jijiyoyi ƙoramu. Gashi tsirrai ne, inda gashi ke fita ƙasa ce mai albarka, inda ba ya fita kuwa faƙo ne. (Masu sanƙo su yi haƙuri, ba ni na faɗa ba.) Numfashi iska ne, magana tsawa, kuka ruwan sama, dariya hasken rana, barci mutuwa, farkawa rayuwa. Ba su tsaya a ƙasa ba, suka hau sama. Tun da burujan da rana ke ratsawa a shekara goma sha biyu ne, sai suka ƙirga ƙofofin jiki suka samu goma sha biyu cif: ido biyu, kunne biyu, ƙofar hanci biyu, nono biyu, baki, cibiya, da mafita biyu. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Me ya sa suka sha wannan wahala? Dalilinsu shi ne abin da ya fi burge ni a duk maganar. Suka ce duniya tana da faɗi, ran mutum kuwa gajere ne, ba zai iya zagaye ta ya karance ta duka ba. Saboda haka Mahalicci, cikin jinƙansa, ya taƙaita masa ita a cikin jikinsa, kamar malamin da ya ga ɗalibi ba zai iya sauke babban littafi ba sai ya rubuta masa muhtasari a allo. Wanda ya karanta allon da kyau ya san abin da ke cikin littafin.

Malaman Musulunci da dama sun yi amfani da wannan hoto, har da waɗanda ba su yarda da Ikhwanus Safa ba. Sukan kafa hujja da aya ta 53 ta Suratu Fussilat da ayoyi na 20 da 21 na Suratuz Zariyat, inda aka haɗa ayoyin Allah da ke cikin sasannin duniya da waɗanda ke cikin rayukan mutane. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya gargaɗi mutane game da wasiƙun nan na Basra, amma shi ma ya kwatanta mutum da gari: zuciya sarki, hankali waziri, sha'awa mai karɓar haraji, fushi kuwa shugaban dogarai. Garin yana zaman lafiya ne muddin sarki na jin shawarar waziri, yana kuma taka wa mai haraji da dogari burki. Duk wanda ya taɓa ganin garin da dogari ya fi waziri faɗa a ji ya san abin da Gazali ke nufi. Bayansa Ibn Arabi, wanda ya rasu a 1240, ya kai batun wani mataki a sufanci da maganarsa ta cikakken mutum, wanda ya tattara abin da ya warwatsu a cikin halitta.

A lura da wani bambanci. Gazali tarbiyya yake koyarwa. Bai ce in an tsaga ƙirji za a ga fada da dogarai ba. Misali irin nasa ba ya tsufa, domin ba a gina shi don a auna da sikeli ba. Matsala tana farawa ne a ranar da aka ɗauki misali aka ce shi zai gaya mana taurari nawa ne a sama, ko wace jijiya za a tsaga wa majinyaci.

Bakwai da bakwai

Wannan ranar ta zo a Turai. Masu duba sama na da sun san abubuwa bakwai masu yawo a tsakanin taurari: Rana, Wata, Uɗarid, Zuhura, Mirrik, Mushtari da Zuhal. Maƙera sun san ƙarafa bakwai. Sai aka aura su da juna, aka kuma ba kowanne gaɓa a jiki. Rana ta samu zinariya da zuciya, Wata azurfa da ƙwaƙwalwa, Mirrik baƙin ƙarfe da matsarmama, Zuhal darma da saifa, haka har bakwai ɗin. Likita Paracelsus, wanda ya rasu a 1541, ya dage cewa wanda bai san sama ba bai cancanci taɓa marar lafiya ba. A kalandun wancan zamani akan zana mutum tsirara an rarraba masa buruji goma sha biyu, na Rago a kansa, na Kifi a ƙafafunsa. Wanzami kan duba inda wata yake kafin ya yi tsaga, don kada ya taɓa gaɓar da wata ke cikin burujinta.

A watan Janairun 1610 Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga wasu ƙananan watanni huɗu suna zagaya Mushtari. Lissafin bakwai ya rushe ke nan. Shekara guda bayan haka wani masani ɗan birnin Florence mai suna Francesco Sizzi ya fitar da littafi yana musun ganin. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa tagogin da ke kan mutum bakwai ne, ido biyu, kunne biyu, hanci biyu da baki, ƙarafa bakwai ne, kwanakin mako bakwai ne, don haka masu yawo a sama ba za su wuce bakwai ba.

Yanzu a tuna da lissafin Basra. Su suna neman goma sha biyu, sai suka gangara har ƙasan cibiya, suka haɗa da nono da cibiyar da ba ma a buɗe take ba. Shi yana neman bakwai, sai ya tsaya a wuya. Jiki ɗaya ne, kowa ya ciro adadin da ya zo nema. Da wani na son biyar, ga yatsu. Da yana son 32, ga haƙora. Jikin mutum kamar kasuwar Kurmi yake, da wuya ka shiga da abu a ranka ka fito ba ka ga mai kama da shi ba. Watannin Mushtari dai ba su nemi izinin Sizzi ba, waɗanda aka gano zuwa yau sun haura 90. A 1781 aka ga duniyar Uranus, a 1846 aka ga Neptune.

Kada mu yi musu dariya da yawa, don mu ma muna yi. Saƙo yakan zagaya a WhatsApp cewa jikin mutum kashi 70 cikin ɗari ruwa ne, duniya ma haka. Ruwan jikin baligi ya fi kusa da kashi 60, kuma da nauyi aka auna shi. Na duniya kashi 71 ne, amma na shimfiɗar bayanta ake nufi. In da nauyi za a bi, duk tekunan nan ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na nauyin duniya ba. An ɗauko mudu an gwada da kamu, an ce sun yi daidai. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan: kama da wane ba ta wane.

Inda kwatancen ya yi rana

Sai dai ba adalci ba ne a ce bai haifar da komai ba. William Harvey, likitan Ingila da ya bayyana zagayawar jini a 1628, cike yake da wannan tunani. Ya kira zuciya ranar ƙaramar duniya, ya kuma kwatanta tafiyar jini da yadda rana ke ɗaga ruwa ya zama girgije, ya zubo, ya sake tashi. Kwatancen ya ba shi tambaya: in ruwan duniya zagayawa yake yi, me zai hana na jiki? Amma bai tsaya nan ba. Ya ɗaure hannuwan mutane ya ga ta inda jijiya ke kumbura, ya feɗe dabbobi iri-iri, ya kuma yi lissafi ya nuna cewa jinin da zuciya ke turawa cikin rabin awa ya fi duk jinin da ke jikin mutum. Ba yadda za a yi hanta ta ƙera sabon jini mai yawan haka kamar yadda aka ɗauka tun zamanin Jalinus. Dole jini ɗaya ne ke kai da komo. Kusan shekara 400 kafinsa Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira, ya riga ya gano rabin hanyar, wato bin da jini ke yi ta huhu.

Sizzi da Harvey zamani ɗaya suka rayu, kuma tunani ɗaya suka gada. Ɗaya ya ƙi yarda da abin da madubi ya nuna saboda shi, ɗayan ya ɗauki wuƙa da alƙalami saboda shi.

Haka ta sake faruwa da ƙwayar zarra. A 1911 Ernest Rutherford ya gano cewa kusan duk nauyinta yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya, ƙanƙantarta kamar ƙwayar gero a tsakiyar filin ƙwallo. Nan da nan aka ce ai ga rana da duniyoyinta a taƙaice, ilektiron na zagaya cibiya kamar yadda Zuhura ke zagaya rana. Niels Bohr ya gina lissafinsa a kan wannan hoto a 1913, ya kuma yi aiki na ɗan lokaci. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 masana suka ga ilektiron ba shi da hanya guda da za a zana masa, suka ajiye hoton. Har yau shi ake zanawa a bangon ɗakin kimiyya na makarantun sakandare, don ya fi gaskiyar saurin shiga kai.

Abin da ya rage bayan shiƙa

In aka shiƙe ƙaiƙayin, tsabar da ta rage ta fi abin da magabata suka yi zato nauyi.

Magabata da yawa, bisa koyarwar Aristotil, sun ɗauka cewa sama da wani abu daban aka yi ta, mai tsarki, wanda babu irinsa a ƙasa. A 1687 Isaac Newton ya nuna cewa ƙarfin da ke faɗo da 'ya'yan itace shi ne ke riƙe da wata a hanyarsa. Wajen 1860 wasu Jamusawa biyu, Kirchhoff da Bunsen, suka gano cewa kowane sinadari yana da tambarinsa a cikin haske, suka duba hasken rana aka ga tambarin baƙin ƙarfe da na sinadarin da ke cikin gishiri. Iskar hiliyam ma, wadda ake hura wa balan-balan, a rana aka fara ganin alamarta a 1868, sai a 1895 aka same ta a ƙasa.

Daga nan sai tambaya ta juyo kanmu. Kusan duk nauyin jikinka sinadarai huɗu ne: oksijin kimanin kashi 65, kabon 18, haidirojin 10, naitirojin 3. Haidirojin ɗin tun farkon samuwar sararin samaniya yake, shekara biliyan 13.8 da suka wuce bisa lissafin masana. Sauran kuwa, kamar yadda Fred Hoyle da abokan aikinsa uku suka bayyana a 1957, a cikin taurari aka toya su, taurarin da suka ƙone suka watsar da tokarsu tun kafin a yi rana tamu. Akwai baƙin ƙarfe kimanin giram 4 a jikin baligi, nauyin ƙaramar ƙusa, kuma shi ke sa jini ja. Waɗanda suka haɗa ƙarfe da sama sun yi kuskuren adireshi da suka kai shi Mirrik, amma daga tauraro ɗin ya fito.

To bishiyar da ɗan yayata ya gani a huhun rago fa? Ita ma tana da dalili, kuma ba kwaikwayo ba ne. Huhu bai taɓa ganin kuka ba. Aiki ɗaya suke yi: kai abu daga ƙofa guda zuwa wuri mai faɗi, ko tattaro shi daga wuri mai faɗi zuwa ƙofa guda, da mafi ƙarancin wahala. Hanyar iska a huhun mutum takan rabu kusan sau 23 kafin ta ƙare a 'yan jakunkuna miliyan 300 zuwa 500. Kogin Kwara yana yin aikin a juye: Rima da Sakkwato su zubo, Kaduna ta zubo, Binuwai ta same shi a Lakwaja. Ka fita tsakar gida bayan an ɗauke ruwa ka duba zanen da ya bari a yashi, ka ɗaga ganyen gwanda ka hango rana ta cikinsa, sannan ka dubi bayan hannun kakarka. Duk inda matsalar ta zama ɗaya, maganinta yakan fito da fuska ɗaya, ko a nama ne, ko a itace, ko a laka. Mahaucinmu bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ba duk abin da ke daji ba.

Akwai kuma wani wuri guda da babbar duniya ta shiga ƙaramar ta zauna daram, ba da misali ba. Ka lura da tsamiya da magariba, za ka ga ganyenta ya haɗe kamar an rufe littafi, da safe ya buɗe. Wani jami'in jirgin ruwa na rundunar Iskandar mai suna Androsthenes ya rubuta wannan tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Kowa ya ɗauka hasken rana ne ke buɗe ganyen, har 1729 da wani Bafaranshe mai suna de Mairan ya kulle wani tsiro mai irin wannan hali a cikin duhu, ya ga ya ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci, ba tare da ya ga rana ba. Juyawar da duniya ke yi cikin awa 24 an rubuta ta a cikin ganyen, kuma an rubuta ta a cikinmu. Ita ke tayar da wasu tsofaffi kafin ladan ya yi kiran farko, ita ke galabaitar da direban da ya kwana a hanya da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare. Inda wannan agogo yake a jiki, da yadda wasu masana uku suka gano haƙoransa a cikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro har suka samu kyautar Nobel a 2017, shi ne abin da za mu buɗe a babi na biyar.